In ci bashi don karatun jinyar dabbobi, ko in haƙura?

Assalamu alaikum Anti,

Ina fatan kina lafiya, ke da iyali. Ni 'yar Maraɗi ce, shekarata 27, ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York wajen ƙanwar mahaifiyata da nake kira Inna, yau shekara huɗu ke nan. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, duk wanda na tuntuɓa a gida ya riga ya yanke hukuncinsa tun kafin in gama bayani, shi ya sa na kawo miki.

Shekara biyu ke nan ina aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi. Ni ce mai wanke keji, mai goge ƙasa, mai riƙe dabba idan za a duba ta, ana biyana dala 18 a awa. Sama da ni akwai ma'aikatan jinya masu lasisi, kamar malaman dabbobi a wajenmu. Su ne ke ɗibar jini, su ɗauki hoton ƙashi, su sa ido a kan dabba idan an yi mata allurar barci. Kwanakin baya aka kawo wata kyanwa da fitsari ya toshe mata, jikinta ya yi sanyi, ko kuka ba ta iya yi. Na naɗe ta a tawul na riƙe mata ƙafar gaba, abokiyar aikina ta aske wurin, ta lalubo jijiyar da ba ta fi zaren ɗinki kauri ba, ta zura allura sau ɗaya ta shiga. Bayan kwana biyu kyanwar nan na cin abinci a tafin hannuna. Wallahi Anti a ranar na ji wannan hannun nake so in samu. Tun ina yarinya ni ke kwana kusa da jajayen awakin kakata idan za su haihu, ba yau na fara son abin ba.

A jihar New York ba a yin aikin jinyar dabbobi sai da lasisi. Sai mutum ya yi karatu, yawanci na shekara biyu, a makarantar da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, AVMA, ta amince da ita, sannan ya ci jarrabawar ƙasa da ake kira VTNE.

Akwai kwalejin gwamnati ta LaGuardia a Queens, kuɗinta dala 4,800 a shekara ga mazaunin birni. Wannan zan iya biya da ajiyata da abin da nake samu. Sai dai gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma dole in fara cin darussan share fage irin su kimiyyar sinadarai da maki mai kyau kafin a duba ni. Shekara guda za ta iya tafiya a haka, kuma ba tabbas. Ita kuwa wata makaranta mai zaman kanta ta ce in zo in fara nan da wata uku, jimlar kuɗinta dala 38,000. Ajiyata 8,000 ce. Na cike takardar neman tallafi ta FAFSA, amma da yake ba ni da miji ba ni da ɗa, ga shi ina aiki cikakke, abin da zai zo mini na kyauta bai taka kara ya karya ba. Gwamnati za ta ranta mini 9,500 a shekarar farko da 10,500 a ta biyu. Ragowar 10,000 sai banki, da kuɗin ruwa mafi tsada, kuma sai mijin Inna ya sa hannu ya tsaya mini.

Na zauna da takarda da biro. Bashin 30,000, ko da duka an lissafa shi a kan ruwa kashi 6.5 cikin ɗari, dala 340 ne duk wata har shekara goma, kuma a ƙarshe na biya kusan 41,000. To me aikin ke kawowa? Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka na watan Mayun 2023 sun nuna matsakaicin albashin masu wannan aiki dala 43,740 ne a shekara, wato kimanin 21 a awa, kafin a cire haraji. A nan New York ya ɗan fi haka. Abokiyar aikin nan tawa tana karɓar 26 bayan shekara shida, amma har yau tana biyan bashi, kuma Asabar da Lahadi tana kwana a wani asibitin gaggawa don ta cike giɓi. Ni ga kuɗin ɗaki da nake taimaka wa Inna da shi, ga dala 200 da nake aika wa mahaifiyata duk wata, wadda da ita ake sayen hatsi da biyan makarantar ƙannena. Idan na shiga karatu dole in rage awannin aiki, kuma tukunyar gida ce za ta fara ji a jikinta.

Inna ta ce in dai wahalar shekara biyu zan sha, in yi karatun nas na mutane. Tana da hujja: a waɗancan alƙaluman dai, matsakaicin albashin nas mai rajista 86,070 ne, kusan ninki biyu. Takan ƙara da cewa wa zai auri mai wankin karnukan Turawa. Maganar karen ba ta dame ni ba, ina da kayan aiki daban da na salla daban. Amma na taɓa yin aikin kula da tsofaffi a gidajensu wata takwas, na yi shi da amana, kuma na san zuciyata ba ta can.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ruwan da ke kan bashin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai taɓa karɓar bashi mai ruwa ba, ko a shekarar da gonarsa ba ta ba da komai ba. Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce haramun ne ba makawa. Ɗayan ya ce akwai masu sassautawa idan larura ce, sai ya tambaye ni: tunda ga makaranta mai araha, ko da sai kin jira, ina larurar take? Ban iya ba shi amsa ba.

Anti, in jira kwalejin gwamnati, in yarda da cewa mai yiwuwa shekara ta wuce ban samu gurbi ba? Ko gaggawar da nake ji tana da hujja, tunda shekaru na tafiya? Ko kuwa son kai ne in zaɓi aikin da nake ƙauna alhali ga wanda zai fi ɗauke wa mahaifiyata nauyi? Makarantar kuɗin ta ba ni zuwa ƙarshen wata mai zuwa in sa hannu, kuma har yanzu ban buɗe wa mijin Inna baki a kan maganar tsaya mini ba. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin lokacin.

Taki,
'Yarki daga Bronx