Zuwa ga ƙanena da ya tambaye ni batun Ron Barassi

Assalamu alaikum ƙanena,

A taron masu sharhin wasanni ka miƙe a gaban jama'a ka ce: tunda na sha faɗa cewa gwanintar ɗan wasa ba ta mayar da shi gwanin koci, ina zan kai Ron Barassi na Ostareliya? Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na ga ya dace in rubuto maka inda kowa zai gani.

Saboda masu karatu, wasan da muke magana ba ƙwallon ƙafar da muka saba ba ne. Ƙwallon Ostareliya ne, mutum 18 kowane ɓangare, fili mai siffar ƙwai, ƙwallon ma haka. Ana bugawa da ƙafa, ana cafewa, ana kuma miƙa wa abokin wasa ta hanyar naushin ƙwallon da dunƙulallen hannu. In ka buga ta shiga tsakanin dogayen turaku biyu na tsakiya, maki shida ke nan.

Ka zaɓo mutumin da ya fi wuyar musantawa, wannan na ba ka. Barassi ya buga wa Melbourne wasa 204 daga 1953 zuwa 1964, ya ci kofi shida, biyu daga ciki yana kyaftin. Da ya zama koci ya ƙara huɗu. Amma dubi gidan da ya tashi. Mahaifinsa ɗan wasan Melbourne ne, ya rasu a yaƙin Tobruk da ke Libiya a 1941, yaron yana ɗan shekara biyar. Da ya tasa, Norm Smith, kocin ƙungiyar, ya ɗauke shi ya zauna a gidansa. Wato a fili yana ƙarƙashin Smith, a gida ma kwano ɗaya. Duk kofunan nan shida a hannun Smith aka ci su. Koyarwar da mutane ke cewa ya gada daga ƙafarsa, ni a ganina a wannan gida ya karanta ta, shekara da shekaru.

A 1965 ya bar Melbourne ya koma Carlton a matsayin kyaftin kuma koci, magoya baya suka ɗauki abin cin amana. A 1968 ya kawo wa Carlton kofin da rabonta da shi tun 1947. Sai wasan ƙarshe na 1970, wanda shi ne hujjata. Mutum 121,696 ne suka cika MCG, babban filin wasa na birnin Melbourne. Aka tafi hutun rabin lokaci abokiyar karawar Carlton, Collingwood, tana gaba da maki 44. Tsohon gwani da ya dogara da sunansa, abin da zai yi shi ne ya daka wa yara tsawa su yi yadda shi ya yi a zamaninsa. Barassi ya ce su bar tsayawa suna doka ƙwallo nesa, su riƙa miƙawa da hannu suna gudu, ko da a gaban turakunsu ne, abin da a wancan lokaci ake ɗauka ganganci. Ya ɗauko Ted Hopkins daga benci, yaron da ba a san shi sosai ba, ya ci ƙwallo huɗu masu maki shida-shida. Carlton ta yi nasara 111 da 101. Wannan aikin ido ne da ƙarfin halin sauya dabara a tsakiyar wuta.

North Melbourne ita ce ta ƙarshe a tebur a 1972. Ya karɓe ta a 1973, ta ci kofinta na farko a tarihin wannan gasar a 1975, ta sake ci a 1977 bayan an yi kunnen doki da Collingwood an maimaita wasan. Sai dai kar mu manta ƙungiyar ta buɗe bakin aljihu ta kwaso manyan 'yan wasa a daidai zuwansa.

Yanzu ga inda masu irin tambayarka ke tsallakewa. A 1981 ya koma gida Melbourne, inda sunansa ya fi nauyi a duniya. Kakar farko wasa ɗaya tak suka ci, suka ƙare a ƙasan tebur. Shekara biyar ya yi, ko zagayen neman kofi bai kai su ba. Da suna ke cin kofi, ai a can ya kamata ya ci. Abin kirkin da ya bari shi ne dabarar nemo matasa daga ƙasar Ailan, wadda ta kawo Jim Stynes, wanda ya zama gwarzon gasar a 1991.

Aikinsa na ƙarshe a Sydney ne, daga 1993 zuwa 1995, ƙungiyar da ta jera wasa 26 ba nasara kafin ta farfaɗo a hannunsa. Shekara ɗaya bayan tafiyarsa ta kai wasan ƙarshe ƙarƙashin Rodney Eade. Ko yabon na wanda ya yi shuka ne ko na wanda ya tarar da amfani ya nuna, wannan sai mun haɗu mu fafata a kai.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka a harkar sharhi