Wasiƙa daga Duwarnane

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da su Inna da ƙannena. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Ka tambayi aikin da nake yi. Baba, igiya ce. Na bar gida ina gudun tufkar rama, na ƙetare teku na zo na same ta tana jirana a yammacin Faransa. Garin nan na masunta ne, da kifin sadin aka san shi, kuma har yau suna riƙe da tsofaffin jiragen katako masu tafiya da iska. Igiyoyin da ke riƙe da dogon turken jirgin, waɗanda ba a kwancewa, su muke gyarawa. Wasu na ƙarfe ne, kuma ruwan gishiri ba ya barinsu, tsatsa ce nan da nan in ba a yi musu sutura ba.

Sai mu ɗaure igiyar tsakanin turaku biyu, a ja ta ta miƙe tamau. A bi tsagin tufkar da siririn zare a cike shi. Sannan a yayyanka ƙyallen tamfol, a jiƙa da kwalta, a naɗe daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau kan ɗan'uwansa kamar baibayar jinka, don ruwa ya zame ya wuce. Kwaltar ba irin ta hanya ba ce, ta itace ce, ana ce mata ta Sitokhom. Ƙamshinta kamar na hayaƙin murhu, ya kama rigunana duka, sabulu ya kasa.

Na ƙarshe shi ne naɗin zare da wata guduma ta katako mai kwarmi. Ina juya ta, wani yana miƙo mini ƙullin zaren, tana matse shi har kwalta ta tsattsafo. Ƙyalle yana bin hannun tufka, zaren naɗin ƙarshe kuwa saɓanin haka. Makon farko na manta, na bi hannun tufkar har kusan mita uku. Maigidana ya sa babban yatsa ya murza, naɗin ya motsa. Bai ce uffan ba, wuƙa ya miƙo mini. Tufka da warwara ke nan, yinin ranar ya tafi a banza, na tuna ranar da ka sa na kwance igiyar guga a gaban mutane.

Yanzu hannu ya faɗa. Jirgin da muke yi wa zai je bikin jiragen ruwa na garin Bires, wanda aka fara tun 1992, in Allah ya kai mu zan turo hoto.

Na aiko da ɗan abin da ya samu ta hannun Yaya, a fara da maganin Inna. A gaida Kawu da mutanen masallaci. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanka.