Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Ce Mu Fice Daga WTO

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya, ka bugo waya ka ce tunda manyan ƙasashe na taka dokokin ciniki yadda suka ga dama, me ya hana ƙasashe irin namu su fice daga Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba. Amsata ita ce kada mu fita.

Ban ga laifin fushinka ba. Dubi maganar auduga. Shekara da shekaru gwamnatin Amurka na zuba wa manomanta tallafi, su noma fiye da kima, farashi ya karye a kasuwar duniya. A 2003 Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka haɗa kai suka kai kukansu taron WTO a birnin Cancun na ƙasar Mexico. Brazil kuwa ƙarar Amurka ta shigar a kotun WTO, ta yi nasara a 2004. Amurka ta ɗaukaka ƙara, ta sake shan kaye a 2005. Sai a 2014 aka rufe maganar, Amurka ta biya Brazil dala miliyan 300. Manomin auduga na Sikasso a Mali bai ga ko sisi ba, abin yana min ciwo har yau.

Amma Malam, a ina kuma ka ji an gurfanar da Amurka kan tallafin manomanta, an ce mata ba ta da gaskiya? Kafin a kafa WTO a 1995, ƙasar da aka kayar tana iya hana a amince da hukuncin. Wanda ya shigar da ƙara shi ya samu, mu da muka tsaya a kuka muka tashi hannu rabbana.

Wannan kotun ce ake kashewa yanzu. Kujerun alƙalan ɗaukaka ƙara bakwai ne, uku ke zama kan kowace shari'a. Amurka ta ƙi yarda a naɗa sababbi, har a Disamba 2019 aikin ya tsaya cak. Yau duk wadda aka kayar sai ta ɗaukaka ƙara zuwa zauren da babu alƙali, shari'a ta kwanta. Ngozi Okonjo-Iweala, da ke shugabancin WTO tun Maris 2021, ba ta da ikon cike kujerun, sai mambobi duka sun yarda.

Idan muka fita, kowace ƙasa za ta zauna ita kaɗai da Amurka ko Sin ko Turai a yi cinikin haraji, ka kuwa san wanda zai yanka farashi. Abin da nake nema daga ministocin kasuwancinmu shi ne su haɗa murya a hedikwatar WTO da ke Geneva kan naɗa alƙalan nan, su kuma horar da lauyoyin ciniki. A can Geneva ɗin akwai cibiyar da ke ba ƙasashe masu tasowa taimakon lauyoyi da rangwame tun 2001. Su je su ƙwanƙwasa ƙofarta.

Wassalam,
ɗan'uwanka, malamin tattalin arziki.