Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Ɗaliban Ilimin Ƙarƙashin Ƙasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi,

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, sai wanda jarrabawa ta ci.

Abin alfaharinmu bana shi ne bitar ƙanƙarar gas. Wani yayanmu, tsohon ɗalibin sashe da ke harkar mai, ya zo da kuɗin motarsa, ya shimfiɗa dogon zanen sesmik, wato hoton ƙarƙashin ƙasa da ake samu daga amsa-kuwwar sauti, a kan tebura biyu, ya ce a nemo masa BSR, wato layin da ke nuna inda ƙanƙarar gas ta ƙare a ƙarƙashin teku. Sai da ya fara bayanin yadda jirgi ke harba sauti da bindigar iska yana jan doguwar igiyar na'urorin saurare. A teku mai zurfi, sanyi da matsi kan daskarar da ruwa da iskar metan a cikin laka, su zama ƙanƙarar gas. Can ƙasa zafi ya yi yawa, ƙanƙarar ba ta iya zama, sai gas ya taru a ƙarƙashinta. Sauti na gudu a daskararriyar laka, ya rage gudu a mai gas, wannan bambancin ne ke fito da layin da ke bin siffar ƙasan teku, ya ratsa shimfiɗun laka, launinsa a juye idan aka gwada da na layin ƙasan teku. Wata ƙanwarmu 'yar aji biyu ce ta fara ɗora biro a kansa, ɗakin ya kaure da tafi.

Ya gargaɗe mu kada mu dogara da layin kaɗai, domin haƙar da aka yi a Blake Ridge ta gaɓar Amurka a 1995 ta samu ƙanƙarar har inda babu BSR. Japan ta fitar da gas daga irinta a kwarin Nankai na ƙarƙashin teku a 2013. Mu ma akwai ta a zurfin tekun Neja Delta, inda masu haƙar rijiya ke kaffa-kaffa da ita: tana sakin gas kusan ninki 160 na girmanta idan ta narke.

To, batun kwamfutar sarrafa bayanai. Ana ta tambaya a WhatsApp ina ta kwana. Ba a saya ba, domin ko rabin mambobi ba su biya kuɗin shekara ba, farashi kuma bai jira mu ba. Abin da aka tara yana asusu, littafin ma'aji a buɗe yake ga mai son dubawa. Ziyarar Fatakwal ma kuɗin mota ne ya kashe ta, ba sakacin kwamiti ba.

Gaskiya mun gaji da bin mutane ɗaki-ɗaki. Wasu ba a ganinsu sai ranar rabon takardar shaida, su ne kuma kan gaba wajen ƙorafi. Duk mai bashi ya biya kafin taron zaɓe. Wanda bai biya ba, ba zai yi zaɓe ba, ba zai tsaya takara ba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya