Filo Uku: Wasiƙa Zuwa ga Ummi

Tudun Wada, Zariya
Daren Laraba

Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ina Halifa da Nana, ina kuma ɗan angona mai kukan dare? Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar Babanku ta yi sauƙi, Juma'ar da ta wuce da kansa ya taka zuwa masallaci.

Na san kin yi mamakin ganin takarda. Waya ce ta ishe ni. In na kira, kafin in rufe baki kin ce "lafiya lau Mama, gajiya ce kawai," sai ki miƙa wa Nana ta rera mini waƙar makaranta, shi ke nan an sallame ni. Takarda kuwa ba a miƙa wa yaro.

Sadiya ta dawo ranar Asabar. Kada ki kira ta da faɗa, ba tsegumi ta kawo ba, ni na tsare ta a ɗaki sai da ta amayar da komai. Ta ce barci kan sace ki a kan sallaya tun ba ki shafa addu'a ba. Ta ce in za ki hau benen gidanku sai kin tsaya a tsakiya kin dafa bango kina haki. Ta ce kullum da ƙanƙara a bakinki kina taunawa kamar gyaɗa, ta kuma ga ƙullin farar ƙasa a jakar ofis ɗinki. Duk na saurara ban tanka ba. Sai da ta miƙe za ta fita ta ce, tana dariya, wai yanzu Anti sai ta jera filo uku take iya kwanciya, kamar sarauniya. Ita abin dariya ta ɗauke shi. Ni tun daren nan idona bai ga barcin kirki ba.

Ban ce ba ki da dalilin gajiya ba. Macen da ke tashi kafin kiran assalatu ta ɗora abin kari, ta shirya yara biyu, ta goya na uku, ta faɗa cunkoson Mararaba da Nyanya don ta isa ofis ƙarfe takwas, ta dawo bayan magariba ta sake ɗora tukunya, ta kwana tana shayarwa, ai ko jaki ne ya durƙusa. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa sama, ke in kin samu 4 kin yi sa'a. Amma shekara 33 na yi ina aikin jinya da karɓar haihuwa, na san gajiya iri-iri. Ta aiki, in an kwanta an huta, tafiya take yi. Wadda ake tashi da ita da safe kamar an kwana ana sussuka, Asabar ta zo ta wuce, Lahadi ta zo ta wuce, tana nan daram, wannan ba ta aiki ba ce. Jiki ne yake kai ƙara.

Abu na farko da na zarga shi ne jininki ya yi ƙasa. Haihuwa uku cikin shekara biyar, kuma ta ƙarshen nan ina tsaye a kanki, na ga abin da kika zubar. Kowane ciki yana ɗibar sinadarin ayon daga jikin uwa, kuma da shi ake gina abin da ke ɗaukar iska a cikin jini ya kai wa sauran jiki. In ya ƙare, sai kasala, jiri, ciwon kai, bugun zuciya, mantuwa, gashi ya riƙa bin mataji. Kwaɗayin ƙanƙara da farar ƙasar nan da kike ɓoyewa, mu a asibiti alama muke ɗaukarsa, ba hali ba. Ki tsaya gaban madubi ki ja fatar idonki ta ƙasa, ki dubi tafin hannunki. Amma ido ba ma'auni ba ne. Ki je a yi miki cikakken gwajin jini. Ga macen da ba ta da ciki, in himoglobin, wato abin nan da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya gaza 12, jini ya yi ƙasa. Ki roƙa a haɗa da gwajin feritin, shi ke nuna abin da ya rage a rumbu, don sau da yawa rumbun kan ƙare tun PCV, gwajin yawan jinin da aka saba yi, bai fara sauka ba, mace tana ta jan jiki ana ce mata jininta lafiya.

Kuma don Allah ki daina yaudarar kanki da Maltina da madara. Suga ne kawai kike ɗurawa, madarar ma tana cikin abubuwan da ke hana ayon shiga jiki. Haka shayin nan mai kauri da kike kora biredi da shi safe da dare. Hanta, jan nama, kifi, wake, zogale, alayyahu, ki bi su da lemun zaƙi ko gwaiba, ki bar shayin sai an ɗan jima. In likita ya rubuta miki ƙwayar ƙarin jini, bayan gida zai yi baƙi, wataƙila ciki ya ɗaure, ba abin tsoro ba ne. Kada ki yi irin ta 'yan gidanku, ku sha kwana goma ku ji ƙarfi ku wurgar da kwalba. Ana ci gaba da sha kamar wata uku bayan jinin ya dawo daidai, sannan rumbun ya cika.

Yanzu bari in zo kan abin da ya ɓata mini rai. Sadiya ta ce sau uku tun bayan suna kina zuwa kemis ɗin bakin layinku, kowane zuwa a ce "maleriya da taifot," a yi miki allurai, a rataya miki ƙarin ruwa a bayan kanta. Ke, Ummi? Da digirinki? 'Yar da ta tashi tana ganin farar rigata a kan igiya? Wace irin taifot ce ke zuwa duk wata kamar albashi? Gwajin Widal ɗin da suke dogara da shi, mutum lafiyayye ma yana iya nuna masa taifot, mun san wannan tun muna aiki. Ruwan da ake rataya miki kuwa gishiri ne da suga, babu ɗigon jini a ciki. Ga maganin ciwon jikin da kike haɗiya kullum, su diklofenak, masu cin bangon ciki su sa jini ya riƙa tsiyaya a ɓoye, su kuma taɓa ƙoda. Kuɗin da kika zuba wa yaron kemis ɗin nan ya isa a yi miki gwaje-gwajen gaske har ki samu canji. Ba rashin kuɗi ba ne, ba rashin sani ba ne. Ƙyashin awa uku a layin asibiti ne, da tsoron fuskar shugaban ofis. To ofis ɗin nan, ranar da kika faɗi, kafin a yi sadakar bakwai an ɗora wata a kujerarki.

In kin je, ki sa a duba sauran ma gaba ɗaya. Suga, tunda kin san dangin Babanku, musamman in kina yawan ƙishi da fitsarin dare. A auna da safe kafin ki ci komai. Hawan jini, tunda ya hau miki a watan haihuwa. Sai ƙwayar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo, tayirod, wadda kan rikice wa wasu mata cikin shekarar farko bayan haihuwa, ta sa su sanyin jiki, jin sanyi, ƙiba ba dalili, ana ce musu ragwaye. Gwajin TSH ake ce masa, jini kaɗan ne. In kuma abin a rai yake, kina kuka ba dalili, komai ya fita kanki, har yaron ba kya jin daɗinsa, ki faɗa wa likita ba kunya. Ciwon damuwa na bayan haihuwa ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne, ba kuma aljanu ba.

Duk waɗannan da na lissafa, wallahi in ɗaya daga cikinsu ne zan yi sujjadar godiya. Filon nan uku ne suka hana ni sakat.

Innarki Binta haka ta fara. Ba ki san ta ba sai a hoto. Wata biyu da haihuwar Auwalu ta ce gajiya. Muka ce jego ne. Ta ce ba ta iya kwanciya sai a jingine, muka ƙara mata matashi. Ta fara tarin dare, muka ce sanyi ne, aka dafa mata citta da kanumfari. Ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, tsofaffi suka ce wanka ne bai karɓe ta ba, a ƙara wuta. Ina makarantar koyon jinya lokacin, ina da littafin a ƙarƙashin filona, ban haɗa abin da ke cikinsa da abin da ke gabana ba. Ranar da muka kai ta asibiti a zaune ta yi tafiyar, don ba ta iya kwantawa. Kin san sauran.

Ciwon zuciya ne na masu jego. Naman zuciyar ne ke saki, daga watan ƙarshe na ciki zuwa kamar wata biyar bayan haihuwa, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Shi ya sa in mace ta kwanta shimfiɗe take jin kamar ana danne ta, sai ta tashi zaune ta samu numfashi. Kuma ba ciwon wata ƙasa ba ne, namu ne. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na nan Zariya suka rubuta cewa kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin nan tana gamuwa da shi, har yau kuma arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Wadda jininta ya hau a lokacin ciki ta fi shiga haɗari. Angona watansa huɗu. Ki lissafa da kanki. Kuma zuciyar da ta gaza, in aka rataya mata ledar ruwan gishiri a bayan kanta, kaya aka ƙara wa wanda ya riga ya durƙusa.

Na san abin da za ki ce a ranki, don kin taɓa faɗa mini a fuska ranar da kika fito daga banɗaki kina layi: ni da na san duk wannan, don me na tsaya a kanki kika yi wankan jego, na dama miki kunun kanwa? To ki ji. Ruwan da na yi miki ba irin na zamanin Binta ba ne, na sirka shi, sati biyu na dakatar, ban ɗora ki kan gadon wuta ba, kanwar ma ɗan taɓawa na yi don bakin surukarki ya mutu. Da ban yi ba, da har yau ana zancena a dangin mijinki. Kuma likitocin zuciya na Kano da suka sake bin lamarin a 'yan shekarun nan ba su samu tabbacin cewa wankan ne ke haddasa ciwon ba, sun fi karkata ga ƙarancin wani sinadari a jiki mai suna seleniyom. Wannan nake faɗa wa kaina da dare. Amma kanwa gishiri ce, gishiri kuma yana riƙe ruwa, wannan ba sai an gaya mini ba. In da hannuna a ciki, ki yafe mini, ki kuma je a duba, don in san ko zan iya yafe wa kaina.

Ba na cewa shi ne. Ƙarancin jini shi kaɗai yana sa haki. Amma ba ni zan yanke ba, ba ke ba, ba yaron kemis ba. Ki je babban asibiti ki ce wa likita kalma uku: na haihu wata huɗu, ina haki, ba na iya kwanciya sai da filo uku. Kada ki ce masa gajiya, in kin ce gajiya zai ba ki bitamin ya sallame ki. Ki nemi a yi miki hoton zuciya, wanda ake kira eko, kamar sikanin ɗin ciki yake, babu allura babu zafi. Akwai magunguna yanzu, mata da yawa zuciyarsu na komawa daidai in an kama da wuri. Ki danna ƙaurinki da yatsa yau da dare, in ramin ya zauna ki gaya masa. In kuwa kika farka tsakar dare numfashi ya ƙi, ko tari ya zo da kumfa, ba a jiran gari ya waye. Kuma har sai an duba zuciyar nan, kada ki kuskura wani cikin ya shiga. Wannan maganar ba ta kunya ba ce, ki zauna da Baban Halifa ku yi ta.

Shi ma ki gaya masa, cikin ladabi, minsharin nan nasa da ya hana ni barci daga falo, wanda yake ɗaukewa ɗif sannan ya dawo da gurnani, ba ƙarfin barci ba ne. Numfashi ne ke tsayawa, shi ke sa shi gyangyaɗi da rana, yana kuma kawo hawan jini, ga shi kullum a kan sitiyari. Ku tafi tare. Kuma wankan yara da safe bai taɓa rage wa namiji daraja ba, Babanku ya yi muku duk lokacin da nake aikin dare, ko da yake zai musa.

Kin ce a waya kwanaki, ai Mama ke ma haka kika rene mu ba ki taɓa kwanciya ba. Kin manta Goggo Ladi tana gidan, kin manta Iya tana dafa na rana, asibitin kuma da ƙafa nake zuwa. Ke kaɗai ce a bene a garin da ba naki ba. In na koya miki shiru da ciwo, to ban koya miki daidai ba.

Direban ya ce sammako zai yi, bari in tsaya. A ledar akwai busasshen zogale, dambun nama, kuka da daddawa, da ɗan abin da ke cikin ambulan na gwaji ne, kada in ji an biya kuɗin makaranta da shi. Sadiya za ta koma wurinki bayan jarrabawarta, na riga na gama da Babanku. Ranar Alhamis ta sama ki ɗauki hoton takardun sakamakon ki turo wa Auwalu ta WhatsApp ya nuna mini, duka, har da na eko. In Juma'a ta yi ban gani ba, ina tashar motar Kwangila da jakata.

Ki shafa mini kan angona.

Mamanki