Wasiƙa daga Kumasi kan maganar bashin nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Aboabo lafiya lau, kasuwa ce dai sai a hankali.

Saƙonka na ranar Juma'a ne ya hana ni sukuni, inda kake cewa wai bashin Najeriya ba abin damuwa ba ne tunda in aka auna shi da girman tattalin arzikin ƙasar, GDP ɗin nan da suke faɗa, bai kai na wasu ƙasashe ba, har ka kawo min misalin Japan da nata ya ninka arzikinta sau biyu har da ɗoriya. Toh wallahi irin maganar da muka riƙa ji kenan a Ghana kafin abu ya faɗo mana a ka. Ita Japan ai yawancin bashin a kuɗinta ne kuma 'yan ƙasarta ke binta, ruwan da take biya kaɗan ne. Mu kuwa dala muka ciwo da ruwa mai tsada, kuma ai ba da GDP ake biyan bashi ba, da kuɗin da ya shigo aljihun gwamnati ake biya.

A 2022 kuɗin ruwa kaɗai yana cinye kusan rabin abin da gwamnatinmu ke tarawa. Kuɗinmu sidi ta riƙa zubewa, dalar da muka fara shekara da ita wajen sidi 6 sai gata ta haura 14 a Nuwamba, ni da nake saida shinkafa da mai a kasuwar Kejetia sai in sa farashi da safe kafin la'asar dila ya bugo waya ya ce an ƙara, akwai ranar da na saida buhu goma, kuɗin bai iya sayo min takwas ba. A Disamba hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari, a watan ne kuma gwamnati ta ce ta dakatar da biyan yawancin bashin waje.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na tsofaffi. Shugaban ƙasarmu na lokacin Akufo-Addo ya fito ya ce ba za a yi wa kuɗin kowa aski ba, wato ba za a zaftare wa masu bin gwamnati bashi komai ba, ba a jima ba aka kawo shirin musanya takardun bashin cikin gida. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya zuba duk kuɗin sallamarsa a takardun nan, da ruwan yake sayen maganin hawan jini, na ganshi zaune a ƙofar gida da takardun a cinya yana ta jujjuya su. Sai da 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akra, har tsohuwar babbar mai shari'a Sophia Akuffo ta shiga cikinsu, kafin aka saurare su. A Mayun 2023 hukumar ba da lamuni ta duniya IMF ta amince da ba mu rancen dala biliyan 3.

Kuma kar ka manta ku ma an taɓa yafe muku dala biliyan 18 a 2005 lokacin Obasanjo, mu ma an yafe mana zamanin Shugaba Kufuor, gashi duk mun koma. Don Allah in ka sake jin wani yana kawo lissafin GDP, tambaye shi cikin kowace naira ɗari da gwamnati ta samu nawa ke tafiya biyan bashi, ka turo min amsar da ya baka.

Nawa buhun shinkafa yanzu a Singa? Ka gaida min su Baba da yara.

Naka a kullum,
abokinka na Kumasi