Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya kan gwiwar hannun masu hemofiliya

Mai girma Minista, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu likitocin gashin ƙashi ne da ke duba masu cutar hemofiliya, waɗanda jininsu ba ya daskarewa da wuri saboda ƙarancin sinadarin fakto 8 ko fakto 9. Kukanmu a kan gaɓa ɗaya ne, gwiwar hannu, don ita ake mantawa. Gwiwar ƙafa in ta kumbura, yaro zai yi ɗingishi kowa ya gani. Ta hannu kuwa sai ya maƙale hannun a ƙirji ya ci gaba da wasa da ɗayan, ba a farga ba sai ranar da ya kasa miƙe shi.

Duk lokacin da jini ya tsiyaya cikin gaɓar, yana barin sinadarin ƙarfe a tantanin da ya lulluɓe cikinta. Tantanin ya yi kauri, ya tsiro da ƙananan hanyoyin jini marasa ƙwari, su kuma su sake fashewa. Gaɓar da ta zubar da jini sau 3 cikin wata 6 ta shiga wannan da'irar, guringuntsi ya fara cinyewa. A gwiwar hannu, miƙewa ce ke fara tafiya. Daga nan kan ƙashin da ke tsakanin gwiwar da wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa ya kumbura, juya tafin hannu sama da ƙasa ya gagara, murɗa makulli ko kai loma baki ya zama aiki. Wani kuma kumburin ya danne jijiyar da ke bi ta bayan gwiwar, ƙaramin yatsa ya riƙa mutuwa. Hidimar yau da kullum tana buƙatar gwiwar ta motsa daga digiri 30 zuwa 130, tafin hannu ya juya digiri 50 kowane gefe. Wannan tazarar muke karewa.

Idan sabon jini ya zuba, allurar fakto ce farko, cikin awa 2 in da hali. Sai a rataye hannun, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga shi, a sa ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15 zuwa 20. Sunan sana'armu ma kan ruɗi iyaye: sun ji "gashi", sai su kawo ruwan zafi da tausa, alhali zafi buɗe hanyoyin jini yake yi, zubar ta ƙaru. Asfirin da ibuprofen da diclofenac su ma ƙara zubar suke yi. Paracetamol ake bayarwa.

Ratayar kada ta wuce kwana 2 ko 3, in ba haka ba tsoka ta rame, gaɓa ta sandare. Ciwo na lafawa, sai mai jinya ya fara matse tsokar gaba da ta bayan dantse ba tare da motsa gaɓar ba, daƙiƙa 5 zuwa 10 kowane karo. Bayan haka ya lanƙwasa ya miƙe da ƙarfin kansa, ya juya tafin hannu, iya inda ciwo ya tsayar da shi. Robar ja da ɗaga nauyi su ne na ƙarshe. Kuskuren da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ma'aikacin da bai san cutar ba ya kama hannu ya banƙare shi da ƙarfi kamar na wanda aka cire wa filasta. Tantanin ya yage, washegari gwiwa ta cika da jini. Idan kuma ƙashi ne ya tokare ƙashi, babu atisayen da zai buɗe shi. Wannan na likitan tiyata ne.

A nan ne muke buƙatar hannunka, ranka ya daɗe. Rabin ƙarfin fakto 8 yana ƙarewa cikin awa 8 zuwa 12, don haka atisaye mai nauyi dole ya biyo bayan allura a rana guda. Idan ɗakin allura da ɗakin gashi ba su san ranakun juna ba, maganin da aka sayo da tsada zai ƙare a jiki kafin a taɓa gaɓar.

Muna roƙo ka ba da umarni duk cibiyar da ke ba da fakto ta kasance da likitan gashin ƙashi a ranar da ake ganin masu hemofiliya, kamar yadda jagorar Ƙungiyar Hemofiliya ta Duniya ta 2020 ta sa shi cikin ainihin tawagar kulawa. A ware wani kaso na fakto musamman don lokacin atisaye. A auna gaɓoɓin kowane mai cutar da ma'aunin kusurwa aƙalla sau ɗaya a shekara, yara duk wata 6, a rubuta a katinsa, domin a kama raguwar digiri 10 kafin ta zama 40. Sannan a sa darasin cututtukan zubar jini cikin horon sabunta lasisin masu gashin ƙashi.

Mun gode, Allah ya yi jagora.

Daga wasu likitocin gashin ƙashi masu kula da masu hemofiliya.